Yadda Ake Amfani da Kalmar “Jot” a Turanci

Duk wanda ya zauna a aji ko a taron ofis da ake gudanarwa da Turanci ya taɓa jin an ce “jot this down”. Abin da ake nufi shi ne mutum ya rubuta wani abu a gurguje kuma a taƙaice don kada ya manta, kamar lambar waya, ranar jarrabawa, ko sunan maganin da likita ya ambata. Sauri da gajarta su ne ruhin kalmar, saboda haka kafin ka yi amfani da ita, ka duba ko abin da za a rubuta ɗan kaɗan ne. Ba a yi wa wasiƙar neman aiki ko kundin digiri “jot”, domin waɗannan rubutu ne na natsuwa, kuma “write” ce ta dace da su.

Asalin kalmar ma yana nuna ƙanƙanta, domin ta samo tushe ne daga “iota”, harafi mafi ƙanƙanta a rubutun Girkanci. Ta fito a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta shekarar 1611, a Matiyu 5:18, da ma'anar abu mafi ƙanƙanta a rubutu. Shi ya sa har yau idan Bature ya ce “I don't care a jot”, yana nufin bai damu ba ko ƙwayar zarra.

Wajen gina jimla kuwa, yawanci kalmar tana tafiya ne tare da “down”, kuma a nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Idan an ambaci abin da za a rubuta da sunansa, kamar “the number”, kana da zaɓi biyu, wato “jot down the number” ko “jot the number down”, kuma dukansu daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, irin “it” ko “them”, to tilas ne ya shiga tsakiya, sai a ce “jot it down”. Wanda ya ce “jot down it” ya yi kuskure, ko da kuwa mai sauraro ya gane nufinsa. Haka kuma ana ninka harafin ƙarshe idan aikin ya wuce ko yana gudana, a rubuta “jotted” da “jotting”, kuma mai gyaran takardar jarrabawa ba zai yafe “joted” ba.

Sai batun wurin da ta dace. Kalma ce ta hira da saƙon waya da magana tsakanin abokan aiki, don haka a rahoton hukuma ko rubutaccen bayanin taro gara a yi amfani da “record” ko “note”. Kada kuma a haɗa ta da “scribble”, wadda ke nuna rubutun jagwalgwalo mai wuyar karantawa, alhali abin da aka yi wa “jot” yana iya fita tsaf.

Daga wannan kalma ce aka samu “jotter”, wato jota, ɗan littafin nan da ake rabawa a bukukuwan aure a Najeriya ɗauke da hoton ango da amarya a bangonsa. A Scotland kuwa, littafin da ɗan makaranta ke aikin aji a ciki shi ake kira da wannan suna.