Yadda na gyara na'urar auna ruwan tankinmu a Agege

Tun da damina ta kankama, na'urar da ke gaya mana yawan ruwan tankin ƙasa a wurin aikinmu ta fara rikicewa. Da asuba ta nuna mita 2.1, da azahar ta koma 1.9, alhali ba wanda ya kunna famfo. Na zura sanda na auna da hannu, ruwa bai motsa ba.

Maigida ya ce a sayo sabuwa. Na ce, "Alhaji, a ba ni yini ɗaya tukuna."

Irin wannan na'ura tana kwance ne a gindin tanki, nauyin ruwan da ke kanta take ji. Kusan mita 10 na ruwa daidai yake da 1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar" da Turanci. Amma iskar sararin sama ma tana danna ruwan, shi ya sa aka saka siririn bututu cikin wayarta, domin ta riƙa cire matsin iskar daga lissafi. Nan matsalar take. Da na buɗe akwatin haɗa wayoyi, sai na tarar da laima ta taru, ɗigon ruwa ya toshe bakin bututun. Wanda ya san danshin Legas ba zai yi mamaki ba. Iskar da ta maƙale ciki tana kumbura idan rana ta yi zafi, sai awo ya sauka.

Na yanke ɗan bakin da ya jiƙe, na busar da sauran, na ɗaga akwatin sama da bango, bakinsa na kallon ƙasa, na sa ƙwayoyin silika masu shan danshi. Laka ma na wanke daga fuskar na'urar, da ruwa kawai, ban taɓa ta da ƙarfe ba.

Kwana tara ke nan, awonta da na sanda sun yi daidai.