Yadda za a kauce ma zubar jini bayan haihuwa ta operasyon

Ƴan uwana mata na nan Tawa, da ku maza masu rakiya, wannan magana ta daɗe tana cin raina, dan wallahi zubar jini shi ne kan gaba wajen kashe mata a haihuwa, alhali akwai maganinshi.

Tun cikin na ƙarami ki riƙa zuwa awo, ki sha kinin ƙarin jinin da ake ba ki, kar ki aje shi ƙarƙashin katifa, mace mai ƙarancin jini ko kaɗan ta zubar sai ta jigata. Ki sa a auna miki rukunin jini, a shirya ɗan uwa ɗaya ko biyu da za su iya badawa.

Da an fiddo jariri, likita zai sa miki oxytocine, ita ke sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Amma fa tana son firigo, digiri 2 zuwa 8, in zafin watan Afirilu ya buge ta ƙarfinta raguwa yake, shi ya sa aka yi carbétocine mai jure zafi, in babu su akwai ƙwayar misoprostol. In kina da tansiyo ki faɗa tun kafin a shiga da ke, ba a yi ma mai tansiyo ergométrine, wata allurar tsuke mahaifa.

Ke kuma inna mai jinya, dan Allah ki riƙa duba zanenta, in yana jiƙewa da sauri ko tana jiri ki kira sajfam nan take, kar ki ce jinin biƙi ne. Akwai allurar tsayar da jini mai suna acide tranexamique, giram 1 ta jijiya, kuma cikin awa 3 bayan haihuwa ake son a yi ta.