Kurakuran da sabbin masu agogon kalandar dindindin suka fi yi

Na gaji da ganin mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi ya sayi agogon hannu mai kalandar dindindin da madannan auna lokaci, sannan ya lalata shi kafin ya cika wata uku a hannunsa. Irin wannan agogo, wanda kamfanin Patek Philippe ya fara ƙerawa don kasuwa a 1941 da samfurin 1518, yana ɗauke da injin da ya bambanta wata mai kwana 30 da mai 31, ya kuma san shekarar da Fabrairu ke kai kwana 29, duk babu batir. Muddin bai tsaya ba, ba ya neman a taɓa kwanan watansa sai shekarar 2100, wadda Fabrairunta zai tsaya a 28 alhali injin zai nuna 29. Wannan hikimar ce take jan mu, kuma ita ce mafi saurin lalacewa.

Babban kuskure shi ne saita kwanan wata da dare. Daga wajen ƙarfe takwas na dare zuwa ukun asuba, haƙoran injin sun riga sun sarƙe da juna suna shirin juya rana, don haka duk wanda ya matsa madannin gefe na gyara kwanan wata a lokacin, ƙarfe yake turawa a kan ƙarfe. Ni kaina na yi wannan ganganci bayan sallar isha'i, da tsinken allura, ina gaggawar zuwa walimar wani aboki a Unguwar Rimi. Na ji wata 'yar ƙara ƙas, washegari kuma kwanan ya maƙale tsakanin 14 da 15. Sai da agogon ya yi watanni a Suwizalan, kuɗin gyaran kuwa har yau ba na son tuna shi. Tun daga ranar, ba na taɓa madanni sai na kai hannayen agogon ƙarfe shida da rabi na safe, kuma da ɗan tsinken da ya zo cikin akwatinsa kawai nake matsawa. Akwai kuma injin da ba ya komawa baya, kamar wanda maƙerin agogo Kurt Klaus ya tsara wa agogon Da Vinci na kamfanin IWC a 1985: idan ka zarce ranar, ka ajiye agogon ya tsaya har kalanda ta cim masa, kada ka tilasta shi.

Na biyu, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne kai agogo a goge jikinsa da inji don ya yi ƙyalli. Haba jama'a! Kowace guga tana cin ƙarfen, tana daddashe kusurwoyin da maƙerin ya fitar, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Samfurin 1518 na baƙin ƙarfe da aka sayar a Janeba a 2016 kan kuɗin Suwizalan sama da miliyan 11, ƙarancinsa da kyakkyawan halin da aka same shi a ciki ne suka kai shi wannan farashi. Na taɓa ganin wani mai gyara a cikin gari ya buɗe bayan irin wannan agogo a kan teburi a bakin titi, ana tsakiyar hunturu, ƙura tana sauka a kan injin, mai shi kuma yana tsaye yana yi masa sannu da aiki.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Kada a danna madannin mayar da hannu sifili alhali hannun auna lokacin yana gudu, sai an fara tsayar da shi, in ba agogon da aka ƙera don hakan ba ne. A cire agogo kafin alwala, domin ta madannai ruwa ya fi shiga. Kada a kwantar da shi a kan waya ko lasifika, saboda maganaɗisu yana sa shi gudu. Akwati da takardun saye kuwa a adana su kamar takardar fili.

Nawa agogon da hannu ake wana shi, don haka kullum bayan sallar asuba nake yi masa wani, in tsaya da zarar na ji ya fara tauri, sannan in duba kwanan watan kafin in ɗaura.