Yadda zaka tara kuɗi a Legas ba tare da ka yanke zumunci ba

Ɗan'uwa, ko a Mile 12 kake sauke kwandunan tumatir, ko gadi kake a Lekki, ko shayi a Obalende, ko fawa a abbatuwar Oko-Oba ta Agege, da kai nake. Yawancinmu muna samu a garin nan Alhamdulillah, amma kuɗin baya kwana. Mutum ya taso daga Katsina ko Sakkwato ko Gashuwa da niyyar haɗa kuɗin aure ko ya sayi Keke nashi na kanshi ko ya rufa ɗaki biyu a gida, shekara ta zagayo, babbar sallah tazo, abinda ke hannunshi kuɗin mota ne da 'yar tsaraba. Wallahi abun nan yana min ciwo, don na san irin ranar da ake sha kafin a samu kuɗin.

Ka fara da tambayar farashin abinda kake so, na yau ba na bara ba, sannan ka ɗora wani abu a kai don tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi ya daina zama waje ɗaya. Misali abun zai ci naira 600,000 kuma kana so cikin wata 10, kaga 60,000 kenan duk wata, 2,000 duk rana. Dubu ɗari shida tana bada tsoro, amma dubu biyu ka san ko zaka iya ko bazaka iya ba, in bazaka iya ba sai ka ƙara watanni, babu kunya a ciki.

Da yamma in an tashi, kafin ka zauna wajen mai shayi, ka raba cinikin. Uwar kuɗi gefe, ko balas ɗin mai Keke in nashi kake ja, wannan ba naka bane ko da kai ka zuba jarin, na sana'ar ne. Sai zubin burinka, sai na gida, abinda ya rage shi zaka ci ka sa data ka hau danfo. Mu kuma juyawa muke, mu ci tukunna in ya rage mu ajiye, kuma a Legas baya raguwa.

Kuɗin burin nan kar ya zauna a aljihu ko ƙarƙashin tabarma a ɗakin da kuke kwana ku takwas, ga gobara ga rusau, kuma duk mun ga abinda ya faru da masu tsabar kuɗi lokacin canjin naira a farkon 2023. Ka buɗe asusu biyu da BVN da NIN ɗinka, ɗaya na ciniki irin su OPay ko Moniepoint da kwastoma ke turawa, ɗayan na ajiya kawai, kar ma ka karɓi katin ATM ɗinshi. Mai gudun kuɗin ruwa akwai bankunan Jaiz da TAJ da Lotus. Ka tabbata wajen yana da lasisin babban banki CBN kuma NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya, na tsaya ma ajiyarshi. In kuma wajen maigidanka zaka ajiye don ka yarda dashi, to a rubuta a littafi da kwanan wata da shaida, addini ma ya ce a rubuta bashi, ba zargi bane.

Yanzu maganar gida, wadda ita ce mai nauyin. Haƙƙin iyaye da iyali ba abun wasa bane kuma bazan taɓa ce maka ka rage su don ka sayi babur ba. Amma abinda ke cinye mu shine turawa babu tsari, yau dubu uku gobe dubu biyar jibi an kira ance suna, gata ance biki, kowane tiransifa da cajinshi, ƙarshen wata kai baka san nawa ka tura ba su ma basu ga wani abun kirki ba, har ma ana ganin kamar kana ɓoyewa. Ka yanke adadi ɗaya da rana ɗaya, ka kira Baba ko Inna ka faɗa musu cikin ladabi: "Baba, duk ranar ɗaya ga wata in sha Allah kaza zai shigo, sauran ina tarawa ne don in sayi abun sana'a, a sa min albarka." Iyaye in sun san inda kuɗin ke tafiya su ne zasu fara kare ka daga masu yawan roƙo. A hannun mutum ɗaya zaka dinga turawa. Kuma lokacin kaka, da hatsi ya sauko, ka daure ka sai musu buhun gero ko masara a ajiye, don in damina tayi nisa rumbu ya ƙare tsadar da zaka saya da ita daban ce. Sauran 'yan'uwa da abokai kuwa ka ware ɗan abu na taimako duk wata, in ya ƙare kace "Yaya wallahi na wannan watan ya fita, sai mai zuwa in Allah ya kaimu," kar kayi ƙarya kuma kar ka kashe waya. Rashin lafiya ita ce bata jira, shi yasa ko ɗari biyar ce ka dinga jefawa daban saboda asibiti.

Adashi yana da kyau sosai in da mutanen da ka san garinsu da iyayensu ne, a rubuta jerin kwasa tun ranar farko. Ranar da ka kwasa kai tsaye wajen mai kaya, kar kuɗin ya bika ɗaki. Masu karɓar ajo na Yarbawa dake zagayawa kasuwa kullum, su al'adarsu zubin rana ɗaya a wata ladansu ne, ka san da wannan kafin ka shiga.

Cacar ƙwallo haram ce kuma tana cin jari a hankali. Manhajojin bashi na waya ga ruwa mai yawa ga tura saƙon cin mutunci ma mutanen dake cikin wayarka in ka makara. Duk wanda yace kawo kuɗi a ninka maka cikin wata, ka tuna MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a Afrilun 2025, mutane nawa suka yi kuka.

Wani cikas ɗin kuma ba daga kai yake ba. Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara da su Mushin da Oshodi, matasanmu da yawa suka wayi gari babu sana'a, wasu an ƙwace baburan da basu gama biya ba. Don haka tun kana samu ka koyi abu na biyu, tuƙin mota da lasisinka, ko gyaran waya, ko walda, ko ka liƙe ma wani dattijo a kasuwa ka koyi sarin kayan gwari. Ka koyi Yarbanci da burokin ko na ciniki ne, yana rage cuta, kuma ka yi katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas.

Mai kama ɗaki ya tuna hayar Legas ta shekara ce, ga kuɗin ejan ga na agirimen a farkon shiga, ka raba ta gida 12 ka fara tara ta baɗi tun watan da ka tare. Mai sayar da kaya kuma kar ka saki kaya don an nuna maka alat a wayar mai saye, ka buɗe naka asusun ka gani da idonka. In bashi zaka bayar ka rubuta, kuma kar ya taɓa uwar kuɗi.

In wata rana babu ciniki ka kasa zubi, ko ruwan Yuni ya hana fita kwana uku, ka cigaba daga inda ka tsaya, kar kace ai lissafi ya riga ya lalace ka fasa asusun. In lokacin tafiya gida yayi kuma ka bar kuɗin a banki, kuɗin mota da na abincin hanya kawai zaka riƙe, in ka sauka lafiya ka cira a can.