Yadda za ka rage abin da manhajoji ke kwasa daga wayarka

Facebook, Instagram da TikTok ba sa karɓar ko sisi a hannunka, talla ce ke ciyar da su. Mai talla kuwa ya fi biya idan an san wanda zai kalla. Shi ya sa suke tara abin da ka danna, bidiyon da ka daɗe a kansa, irin wayarka da unguwar da kake kwana. Gyaran waya nake yi a nan Sakkwato, kuma da wuya a kawo mini wadda mai ita bai amince da duk abin da manhaja ta roƙa ba.

Fara da saitin waya. Buɗe jerin manhajoji, ka taɓa ɗaya, ka shiga sashen izini. Na sanin inda kake, ka mai da shi sai lokacin da kake amfani da manhajar, ko ka kashe shi gaba ɗaya. Kyamara da makirfo ma haka.

Izinin lambobi ne ya fi tsaya mini a rai. Ranar da ka ba da shi, ka miƙa lambar mahaifiyarka da ta malaminka da ta surukinka, alhali ba wanda ya shawarce su. Wani dattijo daga Mabera ya zo mini jiki na rawa: ɗansa ya ci bashi a wata manhaja, ya makara biya, sai ga saƙon cin mutunci ya isa ga dangi kaf. Na ce masa, "Baba, daga wayar yaron suka kwashi lambobin nan." Google ta hana manhajojin bashi wannan izini a 2023, amma wadda aboki ya tura maka ba ta bi ta Play Store, kasuwar manhajoji ta Google, ba, don haka kada ka saka ta.

Sai ka shiga saitin Facebook, ka nemi jerin wasanni da shafukan da ka taɓa shiga da asusunka, ka cire duk wanda ba ka sani ba. Ta irin wannan hanya ce bayanan mutane har miliyan 87 suka kai hannun Cambridge Analytica, wani kamfanin Birtaniya mai yi wa 'yan siyasa aikin kamfen, abin da ya fallasa a 2018.

Saƙonnin WhatsApp a kulle suke, kamfanin ba ya karanta su, amma ya san lambarka, wayarka da lokutan da kake hawa. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta Najeriya ta ci tarar Meta, mai WhatsApp ɗin, dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ba ka damar neman a goge naka.

Don Allah, kada ka ɗora hoton takardar NIN ko katin banki a ko'ina, ko a guruf ɗin 'yan uwa ne. In za ka sayar da waya, cire asusunka na Google, ka goge komai tukuna.