Matakan Gane Ruɓewar Tumatir da Hana Ta

Da farko, a juya tumatirin a duba ƙasansa, wato gefen da fure ya faɗi. Idan tabon da ke wurin baƙi ne, busasshe, ya lotsa kamar tsohuwar fata, ba cuta ce mai yaɗuwa ba. Sinadarin kalsiyam ne, wanda shuka ke tsotsa daga ƙasa tare da ruwa, bai kai ga 'ya'yan ba, galibi saboda ana barin ƙasa ta bushe sannan a malale ta da ruwa.

Sai a tsinke waɗanda suka lalace, a riƙa ban ruwa a kan kari daidai gindin shuka, wanda shi ne mafi muhimmanci, a rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, a rage takin yuriya.

Idan kuwa tabon ya yi laushi da fumfuna, a cire duk abin da ya kamu, a ɗaure rassan a jikin sanda don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa.