Yadda ake sauya tiyon lagireto da bututun fetur da na birki a tsohuwar motar da aka canza wa inji

Har yanzu ana ganin Peugeot 504 a titunan Jos, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, sai dai da yawa daga cikinsu idan aka ɗaga bonet ba injinsu na asali ake tararwa ba. Wata an ɗora mata injin Toyota, wata an sa mata lagireton wata mota dabam domin nata ya ruɓe, wata kuma an raba ta da kafireto an koma inji mai injekta. Duk motar da aka yi wa irin wannan aiki ta fita daga lissafin kamfanin da ya ƙera ta, saboda haka wanda ya je wurin masu sayar da kayan gyaran mota a Dilimi ya ce a ba shi tiyon 504 zai iya komowa da abin da ba zai zauna ba. A irin wannan mota awo ake bi, ba suna ba.

Kafin a taɓa komai sai a bar inji ya huce sarai, abin da ya fi kuwa shi ne a bar motar ta kwana a fara aikin da safe. Ruwan da ke cikin lagireto mai zafi a matse yake, kuma buɗe murfinsa a wannan hali yana iya watso wa mutum tafasasshen ruwa a fuska. A cire kan batir na baƙar waya, musamman idan an sa wa motar fanka mai aiki da lantarki, domin irinta takan tashi da kanta ko da inji a kashe yake. Daga nan a ɗauki hoton kowane tiyo da waya, daga inda ya taso zuwa inda ya shiga, tunda babu littafin da zai tuna wa mutum yadda makaniken baya ya bi da su.

Sai a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ana matsawa da yatsu, a fi mayar da hankali kusa da bakinsa, wajen kilif, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure shi, domin daga ciki roba take fara lalacewa kuma a nan abin ya fi tsananta. Wanda ya yi laushi kamar soso, ko ya kumbura, ko ya bushe yana ƙara idan an lanƙwasa shi, duk kwanansu ya ƙare. A ganina, idan ɗaya ya mutu gara a sauya su gaba ɗaya, har da ƙananan nan biyu masu ratsa bango zuwa hita, waɗanda mutane kan manta da su alhali shekarunsu ɗaya da manyan.

A tara ruwan a cikin roba ta hanyar kwance kusar da ke gindin lagireto, in babu ita kuma a sassauta tiyon ƙasa. Idan akwai ruwan sanyaya inji mai launi a ciki kada a zubar da shi a tsakar gida, saboda yana da zaƙi kuma guba ne, akuya ko kyanwa ko ƙaramin yaro suna iya lasa. Tiyon da ya shekara goma a wuri ɗaya yakan manne, kuma a nan ne ake yin ɓarna. Kada a cusa sukundireba a ɓamɓare shi, domin bakin lagireton tagulla siriri ne, yana lotsawa ko ya tsage daga inda aka like shi. A murɗa shi a hankali da hannu, in ya ƙi sai a tsaga shi a tsaye da reza a ɓare shi kamar bawon rake. Bayan haka a goge bakin ƙarfen da samfefa mai laushi har tsatsa da farin gishirin da ya daskare su fita, idan kuma tsatsa ta riga ta huda shi to sai an gyara shi tukuna, domin sabon tiyo ba ya toshe rami.

Awo shi ne zuciyar aikin. A auna kaurin bakin lagireto da kaurin bakin inji kowanne dabam, na sama da na ƙasa, domin sau da yawa ba sa zuwa ɗaya a motar da aka canza wa inji: ana iya samun milimita 32 a wannan gefe, 35 ko 38 a wancan. Sannan a samo waya mai ɗan ƙarfi, irin ta rataye riga, a lanƙwasa ta daga baki zuwa baki a kan hanyar da ake so tiyon ya bi, a tafi da ita kasuwa tare da tsohon tiyon. Mai kaya zai ce, "Ranka ya daɗe, wace mota ce?" Amsar ita ce a miƙa masa wayar a roƙe shi ya bari a gwada ta a jikin tiyoyin da ke rataye, ko na wace mota ne, har a sami mai irin wannan lanƙwasa, ko da ya fi tsawo, tunda ana iya rage shi. Idan ba a sami guda ɗaya da ya dace ba, ana haɗa biyu da guntun bututun ƙarfe mai ɗan tudu a kowane baki, wanda zai hana roba zamewa. Abin da ba a yi shi ne tilasta wa miƙaƙƙen tiyo ya yi kwana, domin zai karye a gwiwa ya rage gudun ruwa. Na ƙasa kuwa, wanda famfon ruwa yake zuƙa ta cikinsa, yana iya tsukewa idan inji yana gudu sosai, shi ya sa wasu suke zuwa da murɗaɗɗiyar waya a ciki.

Ni kaina na taɓa koyon wannan darasi a Hawan Kibo, inda tiyon ƙasa na motata ya fashe ana tsakiyar hawa. Da muka duba, ba tsufa ne ya kashe shi ba, fambel ne ya riƙa shafarsa kaɗan kaɗan duk lokacin da inji ya girgiza, har ya ci rami kamar an yanka da wuƙa. Tun daga ranar nake barin tazarar yatsa biyu tsakanin kowane tiyo da fanka, da fambel, da bututun hayaƙi, kuma ba na ɗaure shi a miƙe tsam, saboda inji yana motsi a kan kujerunsa, lagireto kuwa a kafe yake.

Wajen sakawa, a fara zura kilif a jikin tiyo kafin a tura shi. A sanyin hunturun Jos roba takan yi tauri, sai a tsoma bakinta a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, amma kada a shafa mata giris ko baƙin mai, domin robar tiyon ruwa ba ta jituwa da mai. Kilif yana zama ne a bayan tudun bakin ƙarfe, ba a kansa ba, kuma a juya kansa inda sukundireba za ta iya isa gobe. A ɗaure har ya kama, ba har ya nutse cikin roba ba.

Bututun fetur yana da nasa hukunci. Ba a sa masa tiyon ruwa ko farar robar nan ta janareto, kuma idan an koma inji mai injekta tsohon tiyon kafireto ba zai ɗauka ba, saboda a ma'aunin matsi da ake kira "bar", famfon kafireto bai kai ko rabin ɗaya ba, na injekta kuwa yana kaiwa wajen uku. A duba rubutun da ke jikin tiyon: mai alamar R6 ko R7 na kafireto ne, mai R9 shi ne na injekta. A yi aikin a fili, nesa da masu walda da masu shan taba, a kuma nisanta tiyon daga bututun hayaƙi.

Na birki kuwa ba wurin dabara ba ne. Ba a haɗa shi da kilif, ba a yi masa faci, sai dai a sa cikakken tiyon birki mai haƙoran da suka dace. A lura cewa bakin bututun ƙarfe na motocin Turai da na motocin Japan ba iri ɗaya ake buɗa su ba, don haka noti yana iya shiga lafiya amma mai ya riƙa tsatsafowa. Bayan an ɗaura, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar tiyon bai miƙe ba kuma bai taɓa taya ba, sannan a fitar da iska, a fara daga tayar da ta fi nisa da tukunyar man birki, mutum ɗaya yana taka feda ɗaya yana kwance noti. Man birki yana cin fenti, inda ya ɗiga a wanke da ruwa nan take. Wanda bai taɓa yin wannan ba ya kira makanike ya tsaya a kansa.

Daga ƙarshe sai cika lagireto. A haɗa ruwan sanyaya inji da tataccen ruwa rabi da rabi, in ba wanda aka riga aka haɗa ba ne, a guji ruwan rijiya saboda gishirin da yake bari. A zuba a hankali, a buɗe hita, a tayar da inji murfi a buɗe, ana matsa tiyon sama har kumfa ta daina fitowa kuma tiyon ya ɗau zafi, alamar tamostat, wato ƙofar da ke sakin ruwa zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ya buɗe ke nan, sai a ƙara ruwa a rufe. Shi ma murfin a duba robarsa, domin Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, inda ruwa yake tafasa a wajen digiri 96, kuma matsin da murfi yake riƙewa ne yake ɗaga wannan iyaka. A zagaya da motar cikin gari, a dawo a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe a duba kwalin ko akwai ɗigo, a ƙara ruwan da ya ragu, bayan mako guda kuma a sake bin kowane kilif da sukundireba, saboda sabuwar roba takan kwanta idan ta sha zafi.